Minshari, shaƙewa cikin dare da ruwa mai tsami a maƙoshi: ciwo ɗaya ne ko biyu?

Tambaya: Likita, maigidana shekararsa 46, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana da jiki, yana kuma shan maganin hawan jini. Minsharinsa har tsakar gida ake ji. Yana cikin yi sai ya yi tsit kamar numfashi ya ɗauke, can sai ya ja da ƙarfi. Wani lokaci ya zabura ya zauna yana tari, ya ce wani ruwa mai tsami ya taso masa har maƙoshi. Da safe muryarsa a dishe, ya wuni yana kaki da gyaran murya, yana cewa kamar wani abu ya tokare masa wuya, ga gyangyaɗi a shago. Wata huɗu ke nan yana shan omeprazole da ya saya a kemis, ba wani sauƙi. Surukata ta ce a kira wanzami ya cire masa beli. Me ke damunsa, kuma me za mu yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Alhaji lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika lura. A irin wannan ciwo, rabin bayanin da likita yake nema yana wurin wadda take kwana kusa da mai ciwon. Sau da yawa magidanci zai zauna a gabana ya ce barcinsa lafiya ƙalau, shi dai maƙoshinsa ne ya dame shi, sai in ga matar da ke gefe tana girgiza kai. Ita nake juyawa in tambaya, domin ita ta ga daren, shi kuwa barci yake.

Ban leƙa maƙogwaron Alhaji ba, don haka ki ɗauki maganata a matsayin zato mai ƙarfi har a duba shi. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwo biyu da suka haɗu a lungu ɗaya: tasowar ruwan ciki zuwa maƙogwaro, da ɗaukewar numfashi cikin barci saboda toshewar hanyar iska. Na farkon shi ke hana shi sakat da rana, shi ya sa shi yake nema wa magani. Na biyun shi ne ya tayar mini da hankali. Wanzami kuwa kada a kira shi, zan zo kan dalili.

Abinci idan an haɗiye, wani bututu yake bi ta bayan hanyar iska ya sauka tumbi. Bututun nan yana da ƙofofi biyu na tsoka masu tsukewa kamar bakin jaka mai zariya, ɗaya a ƙasa inda ya haɗu da tumbi, ɗaya a sama daidai wuya. Idan ta ƙasa ta saki, ruwan tumbi mai asid ya hau cikin bututun, shi ne ƙwarnafi da zafin ƙirji da kowa ya sani, wanda a Kano ake haɗawa duka a ce olsa. Idan ta sama ma ta saki, ruwan ya taɓa akwatin murya da gindin harshe. Bututun abinci yana da juriya, yana kuma wanke kansa da kowace haɗiya. Fatar akwatin murya ba ta da wannan kariya, ɗan kaɗan ya ishe ta ta kumbura. Shi ya sa mutum zai iya cewa bai taɓa jin zafin ƙirji ba, amma ga dishewar murya, ga kaki, ga tarin da ba ya jin magani, ga jin kamar lomar tuwo ta tsaya a wuya. Wata likitar maƙogwaro a Amurka, Jamie Koufman, ita ta fito da wannan bambanci fili a wani dogon bincike da ta wallafa a 1991.

Kuma asid ba shi kaɗai yake tasowa ba. Yana tafe da wani sinadari mai suna fefsin, wanda aikinsa a tumbi shi ne narkar da nama da ƙwai da wake. Idan ya sauka a maƙogwaro yakan maƙale a jikin fatar ya lafa, duk lokacin da wani abu mai tsami ya wuce ta wurin sai ya sake farkawa. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani idan mun zo kan magani.

Sai barcin. Daga bayan hanci zuwa akwatin murya, hanyar iska ba ta da ƙashi ko guringuntsi da zai riƙe ta a buɗe, tsoka ce kawai. Idan barci ya yi nauyi tsokar takan saki, harshe da ganɗa su koma baya, musamman ga wanda ya kwanta rigingine. Idan hanyar ta ƙuntata, iska ta riƙa kaɗa naman, wannan shi ne minshari. Idan ta rufe ruf, sai shirun nan da kike ji. Ƙirji yana ta ƙoƙarin ja, iska ba ta shiga, oksijin na jini yana sauka, har sai ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na 'yan sakanni ya buɗe hanyar da wannan jan mai ƙarfi. Shi ba zai tuna ba. A gwajin barci muna ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai sakan 10: sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya ƙaramin ciwo ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Akwai masu haura 60 a awa, wato kowane minti sai an tashe su. Mutum ya yi awa bakwai a kan katifa ya tashi kamar wanda ya kwana dako. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da shi. Mu nan mun saba ɗaukar minshari a matsayin alamar gajiya ko barcin mai hutu, shi ya sa ba a kawo shi asibiti.

To, me ya haɗa su? Ki ɗauki ƙirji kamar zuga-zugin maƙeri. Idan aka toshe bakinsa aka ci gaba da ja, zai nemi ya zuƙo ta duk kafar da ya samu, bututun abinci kuwa ta tsakiyar ƙirji ya ratsa. Shekaru da dama haka aka ɗauki labarin kacokan: duk lokacin da numfashi ya toshe, ƙirji yana zuƙo ruwan tumbi sama. Da aka zo aka sa na'urar auna matsi a bututun abincin masu ciwon suna barci, sai aka ga jiki yana kare kansa. A daidai lokacin toshewar, ƙofar ƙasa ƙara tsukewa take yi. Ruwan ya fi samun hanya a 'yan sakannin nan na farkawa, lokacin da ƙofar take sakin jiki na ɗan lokaci. Wanda ake tashi sau ɗari biyu a dare ya ba ruwan dama fiye da wanda ya yi barcinsa ɗaya har asuba. Ga shi kuma cikin barci miyau yana raguwa ƙwarai, haɗiya tana kusan tsayawa, ƙofar sama tana yin laushi, mutum yana kwance ba abin da zai mayar da ruwan ƙasa. Abin da da rana haɗiya biyu za ta wanke, da dare sai ya daɗe yana jiƙa wurin.

Ta ɗaya ɓangaren, maƙogwaron da ruwan ciki yake ƙonawa kullum yakan kumbura, hanyar da dama a ƙuntace take ta ƙara matsewa. Akwai kuma alamun cewa kumburin yana dusashe jijiyoyin ji da ke wurin, waɗanda su ne ke sanar da tsoka ta buɗe idan hanya ta fara rufewa. Hujjar wannan ɓangare ba ta kai ta farkon ƙarfi ba, kuma maganin asid ba ya warkar da ɗaukewar numfashi. Amma akwai abu ɗaya da yake fitowa kai tsaye daga ruwan cikin: idan ɗigonsa ya taɓa igiyoyin murya cikin barci, sukan rufe gam don su tsare huhu. Mutum ya zabura ya kasa jan iska na 'yan sakanni, yana wani kuka kamar na zakara, gabansa yana dukan uku-uku. Wasu sukan ce dannau ne, wasu su ce aljani ne ya shaƙe su. Dannau dabam yake, shi jiki ne yake kasa motsi. Addu'ar kwanciya a riƙe ta, amma wanda yake tashi da tsami a baki a duba masa maƙogwaro.

Sai tushen da suka yi tarayya a kai, wanda a ganina ya fi duk waɗannan nauyi: ƙiba. Teɓa tana matsa tumbi ta tura abin da ke cikinsa sama, kitsen wuya da na harshe yana danne hanyar iska. A 2018 wasu likitoci a Italiya suka tattara binciken da aka yi a kan wannan batu, suka ga kusan kashi 45 cikin 100 na masu ɗaukewar numfashi suna da alamun tasowar ruwan ciki zuwa maƙogwaro. Abin lura shi ne masu ciwon biyu sun fi sauran nauyin jiki, amma ba su fi su yawan tsayawar numfashi ba. Ki ɗora wannan a kan rayuwar ɗan kasuwar Kano da na sani: ya wuni a zaune a shago da goro da lemon kwalba, ya rufe wajen magariba, ya sha cunkoso, bayan isha ya tsaya majalisa a ci tsire ko balangu, ya shigo gida sha ɗaya ya tarar da tuwo yana jiransa, ya ci don kada ran uwargida ya ɓaci, ya kwanta nan take. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai tarko ɗaya da mu kanmu likitoci muke faɗawa. Minshari shi kaɗai yana iya haddasa kusan duk abin da Alhaji yake ji da safe. Naman da ya kwana yana kaɗawa, baki a buɗe iska tana busar da shi, balle a hunturu da ƙura ta toshe hanci, dole a wayi gari da bushewar maƙoshi da dishewar murya da beli a kumbure. Idan muka leƙa da kyamara muka ga ja da kumburi, ba lallai asid ne ya yi ba. Na sha ganin wanda aka yi ta sauya wa maganin asid wata da watanni, alhali ba wanda ya taɓa tambayar matarsa yadda yake barci.

Wannan ya kawo mu kan omeprazole. Magani ne mai kyau ga ƙwarnafi da gyambon ciki, yana rage asid sosai, amma ba ya hana ruwan tasowa, ba ya kuma kawar da fefsin. A Birtaniya an gwada ɗan'uwansa lansoprazole a kan mutum 346 masu ƙorafin maƙoshi irin wannan, sau biyu a rana har mako 16, aka fitar da sakamakon a 2021: waɗanda suka sha maganin ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta samun sauƙi ba. Tunda Alhaji yana jin tsamin yana tasowa, mai yiwuwa maganin yana da gurbi a wurinsa, amma sai an sha shi daidai, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin abinci. Mutane da yawa bayan sun ci suke sha, ko sai sun ji zafi. Kada ya yanke shi rana ɗaya bayan wata huɗu, asid yakan dawo da ƙarfi, likita zai nuna masa yadda ake janyewa. Irin su Gaviscon dabam suke aiki, suna yin kumfa ne a saman abin da ke tumbi kamar murfi, shi ya sa muke ba da su bayan abinci da lokacin kwanciya. Kanwa kuwa a bar ta. Tana kwantar da ƙwarnafi na ɗan lokaci, amma sinadarin gishirin da ke cikinta bai dace da mai hawan jini ba.

Batun beli, ki lallaɓa surukarki Hajiya Babba da girmamawa, don ba da mugun nufi ta faɗa ba. Ta ga belin ya yi tsawo ya kumbura ne, ko an gaya mata haka. Amma belin shi ma wahala yake sha, minsharin ne ya kumbura shi. Toshewar tana faruwa a bayan ganɗa da gindin harshe da gefunan maƙogwaro, inda askar wanzami ba ta kaiwa. Abin da za a iya samu shi ne zubar jini a bakin hanyar numfashin mai hawan jini, da ƙwayoyin cuta daga askar da ba a tafasa ba, har da ciwon hanta da sandarewar jiki. Na karɓi irin waɗannan cikin dare, ba na fatan ki ga abin da na gani. Ko da minsharin ya ɗan ragu bayan yankan, numfashin zai ci gaba da ɗaukewa, sai dai an rage ƙarar da take faɗakar da ke.

Abin da ya sa na ce ciwo na biyu, wato ɗaukewar numfashi, ya fi tayar mini da hankali shi ne hawan jinin. Kowace farkawa tana zuwa da bugun zuciya da hauhawar jini, dare bayan dare, shekara da shekaru. Ɗaukewar numfashi cikin barci tana cikin manyan dalilan hawan jinin da ba ya jin magani, tana da alaƙa da shanyewar ɓarin jiki, rikicewar bugun zuciya da ciwon suga. Tana sa yawan tashi fitsari da dare, ciwon kai da safe, saurin fushi, mantuwa, da rauni a shimfiɗar aure, abin da maza ba sa faɗa sai an tambaya. Mai ita kuma haɗarin mota a gare shi ya ninka na sauran mutane fiye da sau biyu. Mutumin da yake gyangyaɗi a shago bai kamata ya kama sitiyari zuwa Kaduna ko Abuja ba har sai an yi masa magani. Wannan ki gaya masa yau.

Akwai tambayoyi takwas da muke tantance haɗarin da su, waɗanda aka tsara a Toronto ta Kanada a 2008: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, wani ya ga numfashi ya tsaya, hawan jini, ƙiba mai yawa, shekara sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya cika 5 yana cikin babban haɗari. Daga wasiƙarki kaɗai Alhaji ya cika biyar, tun ba a sa awon tela a wuyansa ba.

Ku je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Za a zura siririyar kyamara ta hanci a ga akwatin murya, aikin 'yan mintuna ne, mutum yana zaune. Duk muryar da ta dishe fiye da mako uku zuwa huɗu tana bukatar wannan, kuma a gaggauta idan akwai wahalar haɗiya, rama, jini a kaki, ƙullutu a wuya, ciwon kunne ɗaya, ko shan taba. Tarin da ya wuce mako biyu a gwada majina saboda tarin fuka, gwajin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sannan ku nemi a tura shi gwajin barci. Ba ko'ina ake yinsa ba kuma da ɗan tsada, amma akwai ƙananan na'urori da ake kwana da su a gida, kuma shi ne zai faɗi girman ciwon.

Idan ya tabbata matsakaici ne ko mai tsanani, babban maganinsa na'urar CPAP ce, wadda wani likita a Ostareliya, Colin Sullivan, ya gabatar a 1981. Iskar ɗaki take hurawa a hankali ta wani abin rufe hanci, ta riƙe hanyar a buɗe har safe. Abin da ya shafi tambayarki shi ne an sha ganin tasowar ruwan ciki da dare tana raguwa sosai ga masu amfani da ita, wato idan an gyara barcin maƙoshin ma yakan samu sa'ida. Na san matsalar wuta a Kano, sai an tanadi sola ko inbata, kuma makonnin farko akwai takura, wasu har kumburin ciki suke ji sai an daidaita ƙarfin iskar. Ga masu ƙaramin ciwo akwai abin da likitan haƙori yake yi a sa a baki ya turo muƙamuƙi gaba. Tiyata tana da wurinta idan an ga takamaiman abin da ya toshe, kamar manyan ƙululun maƙogwaro ko karkataccen hanci.

A gida kuwa aikin a hannunki yake. Abincin dare ya zama aƙalla awa uku kafin kwanciya. Idan ba zai dawo da wuri ba, a aika masa da kula kasuwa ya ci kafin magariba, in ya shigo ya tarar da abu mara nauyi. Idan kina da abokiyar zama ku haɗa baki, don ba amfani a kiyaye kwana biyu a warware kwana biyu. A rage maiƙo da yaji da dare, goro da shayi mai kauri su tsaya da la'asar, lemon kwalba a bar shi gaba ɗaya, zoɓo da kunun tsamiya a ɗaga musu ƙafa na 'yan makonni a gani. Da azumi kada a cika ciki a sahur a koma shimfiɗa da an sallame asuba. A ɗaga kan gado da bulo ko katako kamar santimita 15 zuwa 20. Tara filo ba ya yi, lanƙwasa mutum yake ya ƙara matsa ciki. Wani bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage yawan tsayawar numfashi da kusan kashi 26, ƙara kashi 10 kuma yana ƙara shi da kusan kashi 32. Mai kilo 100 ke nan ya sauke 10.

Kwanciya rigingine ita ce mafi muni ga numfashin. Ga ruwan ciki kuwa, gefen hagu ya fi, saboda yadda tumbi yake zaune. Na san tambayar da za ta zo miki, domin duk wanda na gaya wa sai ya yi ta: sunna ai dama ce. Ni ba malami ba ne. Abin da nake gaya wa marasa lafiyata shi ne su fara da dama su yi addu'o'insu, in ya so su juya hagu, wanda bai natsu ba ya tambayi malaminsa ya gaya masa lalura ce. Idan an ba da tazarar awa uku aka ɗaga gado, ko daman ma ta fi rigingine nesa ba kusa ba. Wasu sukan sa tela ya ɗinka aljihu a bayan singileti a sa ƙaramar ƙwallo, ta hana su mirginawa.

Kada ya sha maganin barci irin su diazepam, ko kodin, ko tiramol, duk suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro su kuma jinkirta farkawar da take ceton numfashinsa. Ki kuma duba kwalin maganin hawan jininsa. Lisinopril da danginsa suna sa busasshen tari da ƙaiƙayin maƙoshi, amlodipine da nifedipine kuma suna iya sassauta ƙofar tumbi. Kada ya daina ko ɗaya da kansa, likita ne zai sauya.

Kafin ranar zuwa asibiti, ki nemi izininsa ki ɗauke shi da waya yana barci, minti goma ya isa, yadda za a ga ƙirjinsa a kuma ji shirun. Ki ƙirga sakan nawa yake yi kafin ya ja. Ki nuna masa shi ma, domin maza da yawa ba sa yarda sai sun gani da idonsu. Ki zuba duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya, ku shiga ɗakin likita tare.